Laifin Babba Rowa: Tsokaci Kan Ɗakunan Karatun Jama'a Daga Unguwar Manawashi

Hausawa na cewa laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwuya. A 'yan shekarun nan, duk inda malamai biyu ko uku suka haɗu, ko a ofis ko a inuwar dogon yaro bayan an fito daga aji, rabin wannan karin magana kaɗai ake ji, wato rabin da ya shafi yaro. "Yaran yanzu ba su karatu." "Waya ta gama da su." "Mu a zamaninmu ba haka muka taso ba." Ni kaina na sha faɗin haka, musamman idan ina duba takardun jarrabawa na ci karo da ɗalibin da ya kai aji uku a jami'a, yana nazarin adabi, amma bai taɓa karanta ƙagaggen labari guda daga bango zuwa bango ba. Ɗaya rabin kuwa, wanda ya shafi babba, ba mai ɗaga shi, domin masu zargin su ne manyan. Manufar wannan ɗan tsokaci ita ce a ɗauko rabin da aka jingine, a kaɗe masa ƙura, a dube shi da idon basira.

Abin da ya sa na sake shawara ya faru ne a unguwarmu ta Manawashi, a cikin garin Gombe. Wani dare cikin bazara, ana saura 'yan makonni a yi jarrabawar shiga jami'a, na biya shagon mai cajin waya domin in karɓi tawa. A kan benci, ƙarƙashin ƙwan fitila guda, na tarar da ɗan wani maƙwabcina ya duƙufa a kan takardun tsofaffin tambayoyi da aka yi wa hoto har tawadar ta dishe. A bayansa janareta na ruri, a gefensa gidan kallon ƙwallo ya kaure da ihu. Na ce masa, "Kai kuwa samari, duk faɗin garin nan ba ka sami wurin karatu ba sai bakin janareta?" Ya russuna ya gaishe ni, sannan ya ce, "Allah ya gafarta Malam, to ina za ni? A gida mu tara ne a ɗaki biyu, ga zafi, ga ba wuta. Nan ne kawai ake barina in zauna ba a ce in biya ba." Da na tambaye shi ko ya iya kwamfutar da zai rubuta jarrabawar da ita, sai ya ce sau biyu ya taɓa zama a gabanta, shi ma sai da mahaifiyarsa ta ba shi kuɗin adashinta ya biya.

Na dawo gida da wayata cike da caji, amma tambayar yaron nan ta hana ni barci. To ina za shi? Mai karatu, in kana da hali ka zaga Manawashi da ƙafa, ka yi ƙidaya. Za ka ƙirga shagunan caji, da masu cirar kuɗi ta na'ura, da gidajen kallo, da teburan masu shayi, da majalisun hira. Duk waɗannan suna da amfaninsu, ban raina sana'ar kowa ba. Amma ɗaki guda mai haske da iska da shiru, wanda ɗan talaka zai shiga kyauta ya zauna da littafi, ba ya cikin lissafin. Haka labarin yake a akasarin unguwannin garuruwanmu na Arewa. Saboda haka ra'ayina a fili yake: ba yara ne suka ƙi karatu ba, manya ne suka ƙi biyan kuɗinsa, sannan suka koma gefe suna ɗora laifin a kan yara.

Domin kada a ce ina neman abin da ba a taɓa yi ba, bari mu ɗan waiwaya. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar da ta samar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. A 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Abubakar Imam na editanta. A shekarun Yaƙin Duniya na Biyu aka buɗe ɗakunan karatu a garuruwa ƙarƙashin En'e, a 1952 kuma aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, wanda ke aika littattafai zuwa larduna. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna, kamar Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato da Zumunta ta Lardin Bauchi, wanda Gombe ke cikinsa a wancan zamani. Ba ina wanke Turawan mulkin mallaka ba ne. Suna da tasu manufa, kuma ɗakunan karatun nan an fara su ne domin a watsa labarin yaƙi yadda Ingila ke so a ji shi. Sai dai sun gane abu guda da mu muka mance, wato wanda aka koya wa haɗa baƙi, in ba a ba shi abin karantawa ba, jahilcinsa dawowa yake yi. Mutanen da suka taso cikin wannan yanayi su ne irin su Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa, waɗanda suka riƙa fafatawa a majalisar taɗin da aka kafa a Bauchi a 1943, har abin ya fi ƙarfin waɗanda suka ba da izinin kafa ta.

Daga nan sai ruwa ya fara janyewa. An rushe NORLA a 1959. An yi ta kekketa jihohi, kowace jiha ta gaji hukumar laburare da allon suna da 'yan ma'aikata, amma kuɗin sayen littafi ya riƙa ƙanƙancewa. Da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo, darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka taƙaita ga littattafan makaranta. Jihar Gombe, wadda aka cire daga Bauchi ranar 1 ga Oktoba, 1996, an haife ta ne a tsakiyar wannan fari. Tun daga lokacin ake kare wannan sakaci da hujjoji guda uku, kuma ina so in bi su ɗaya bayan ɗaya.

Hujja ta farko ita ce wai mutanenmu ba su da al'adar karatu, don haka ko an zuba littattafai ɓera da gara ne za su amfana. Wannan magana tarihin adabinmu ya riga ya ƙaryata ta. A daidai lokacin da hukuma ta janye hannunta, daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa gaba, matasa irin su Talatu Wada Ahmed da Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Manazarta sun yi ta cacar baka a jaridu kan ingancin wannan adabi da aka laƙaba wa sunan adabin kasuwar Kano, amma ba wanda ya musanta cewa ana karanta shi. Shagunan hayar littafi suka bazu a unguwanni, matan aure na aiken yara da 'yan canji su karɓo littafi na kwana ɗaya ko biyu. Mene ne shagon haya in ba laburaren da talaka ya kafa wa kansa ba, da ya ga na hukuma ya gagare shi? A yau kuma dubban mata na biyan kuɗi ta asusun banki domin a turo musu ci gaban labari ta WhatsApp, kuma tun 2016 gasar Hikayata ta BBC Hausa ke karɓar labarai daga mata marubuta. Mutumin da ke cire kuɗin cefane ya biya domin ya karanta, da wane baki za a ce ba ya son karatu?

Hujja ta biyu ita ce ta 'yan zamani, masu cewa laburare ya zama tsohon yayi tunda kowa na da duniya a tafin hannunsa. Masu wannan magana galibi suna faɗinta ne daga ofis mai sanyi, inda hukuma ke biya musu kuɗin intanet. A Manawashi data da kuɗi ake sayenta, kuma a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Wayar ma sai da wuta take aiki, kuma mutanen Gombe ba su mance da 2024 ba, shekarar da aka lalata turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe, gari ya kwashe makonni cikin duhu. Bugu da ƙari, a gidaje da yawa waya mai intanet guda ce, tana aljihun maigida ko babban wa, ita kuwa yarinya sai dai ta gan ta daga nesa. Ko da an sami wayar, ba za ta zame wa yaro tebur ba, ba za ta ba shi shiru ba, ba kuma za ta nuna masa bambancin sahihin bayani da shaci-faɗi ba. Wannan aikin ma'aikacin laburare ne, wanda ya karanci fannin.

Hasali ma zuwan intanet ƙara wa laburare nauyi ya yi. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, a 2024 kuma WAEC ta fara bin sahu da masu rubutawa daga waje. Neman gurbin karatu, da neman tallafi, da neman aikin gwamnati ko na ɗamara, duk sun koma ta intanet. Wato hukuma da kanta ta ɗauke ƙofar shiga ta mayar da ita cikin na'ura, amma ba ta tanadi inda ɗan talaka zai koyi riƙe mabuɗin ba. Ɗan mai hali ya taso yana wasa da kwamfuta tun yana firamare, shi kuwa ɗan maƙwabcina sai ranar jarrabawa zai yi ta neman inda harafi yake, lokaci na tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. In sakamako ya fito aka ce yaran Arewa sun faɗi, sai mu sake komawa inuwar dogon yaro mu ce ƙiwuya ce.

Ba kuma rashin hanya ko rashin masana ne ya kawo haka ba. A Amurka, dokar sadarwa ta 1996 ta tanadi rangwamen kuɗin intanet ga makarantu da laburaren jama'a, daga kashi 20 har zuwa kashi 90 cikin ɗari, gwargwadon talaucin yankin. Mu ma dokar sadarwarmu ta 2003 ta kafa asusu na musamman domin kai sadarwa wuraren da 'yan kasuwa ba su ga riba ba. Garin nan namu shi ya haifi Farfesa Isa Ali Ibrahim Pantami, wanda ya riƙe ma'aikatar sadarwa ta tarayya daga 2019 zuwa 2023, kuma jihar na da jami'ar jiha tun 2004 da ta tarayya a Kashere tun 2011. Masu sanin yadda ake haɗa ɗaki guda da intanet sun yi yawa a Gombe. Abin da ya rage shi ne wanda zai nema da sunan unguwa, da wanda zai ci gaba da biya bayan an watse daga bikin buɗewa.

Wannan ya kawo mu ga hujja ta uku, uwar hujjoji, wato babu kuɗi. Ana cewa mutane na fama da yunwa tun da aka cire tallafin mai a 2023, ga asibiti, ga ruwan sha, ga zaizayar ƙasa, wa ke ta littafi? Ban musa ba, yunwa gaskiya ce. Amma lokacin da littafi ya fi ƙarfin aljihun uba, lokacin ne ya kamata hukuma ta sayi kwafi guda domin yara ɗari su karanta. Laburare dabara ce ta masu ƙaramin ƙarfi, mai wadata yana da nasa a gida. Sannan rowar nan ba ta fara da tsadar mai ba. An yi dokar kafa Laburaren Ƙasa a 1964. A 2006 aka ba da kwangilar gina hedikwatarsa a Abuja kan kuɗi sama da naira biliyan 8, da alƙawarin gamawa cikin ƙasa da shekara biyu. Har zuwa 2025 ginin bai kammala ba, sai da uwargidan shugaban ƙasa ta roƙi masu son yi mata kyautar cika shekara 65 su zuba kuɗin a asusun ƙarasa shi. An gode mata da wannan niyya. Amma ƙasar da babban laburarenta ya koma jiran kyautar zagayowar ranar haihuwa ta riga ta faɗa wa duniya matsayin da ta ajiye littafi.

Ko a inda aka fitar da kuɗin, akwai wata cuta da ke cin mu, wato son gini da ƙin riƙo. Gini yana da ɗan kwangila, yana da ranar buɗewa da makaɗa da masu ɗaukar hoto. Sayen sababbin littattafai kowace shekara, da biyan kuɗin intanet kowane wata, da canjin batirin sola, ba su da biki, don haka ba su da uban gida. Na taɓa shiga wani ɗakin karatu na hukuma a wata jiha, na tarar da kwamfutoci jere an lulluɓe su da leda, ƙura ta yi musu rawani. Ma'aikacin ya ce mini tun da kuɗin intanet na shekarar farko ya ƙare ba a sake biya ba. Attajirin nan na Amurka, Andrew Carnegie, wanda ya gina laburare fiye da 2,500 tsakanin 1883 da 1929, ya san wannan cuta, shi ya sa ba ya ba gari gini sai hukumar garin ta ɗauki alƙawarin kashe kwatankwacin kashi 10 cikin ɗari na kuɗin ginin kowace shekara wajen riƙe shi. A Ingila ma, dokar 1850 ta ba garuruwa ikon karɓar ɗan haraji na musamman domin laburare. Sanarwar UNESCO kan laburaren jama'a, wadda ta fara fitowa a 1949 aka kuma sabunta ta a 1994 da 2022, a kan wannan ta tsaya: shiga kyauta, kuɗi daga baitulmali, doka ta tsare shi.

In an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu. Mu malaman jami'a muna da namu kason na rowar. Laburarenmu na da asusun TETFund, wanda aka kafa a 2011 a madadin asusun harajin ilimi na 1993, kuma shi ke saya mana littattafai da na'urori. Ilimin matakin farko na da kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya bisa dokar 2004. Laburaren jama'a shi ne maraya, ba shi da kaso a ko'ina sai abin da ya rage a ƙasan tukunya. Mun sha rufe jami'o'i watanni a kan haƙƙoƙinmu, amma yaushe muka taɓa rubuta ko takarda guda zuwa majalisar dokoki a kan laburaren gari? Ƙofar namu kuwa sai mai katin shaida. Mun mance cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awai: yaron da ya taso ba littafi a unguwa shi ne gobe zai zauna a gabanmu a aji, mu yi ta ƙorafi a kansa.

To mene ne abin yi? Na farko, majalisar dokokin jiha ta yanka wa laburaren jama'a kaso tsayayye daga kasafin ilimi, a rubuta shi cikin doka, a kuma fayyace nawa ne na littattafai da intanet da gyara, domin kada albashi da fenti su cinye shi. A riƙa bayyana wa jama'a abin da aka saki da abin da aka saya duk shekara. Na biyu, a daina tunanin katafaren gini guda a tsakiyar gari, wanda sai yaro ya biya kuɗin Keke zuwa da dawowa. Ƙaramar hukumar Gombe na da mazaɓu 11. A fara da ɗaki guda a kowace, ko da aji ne na makarantar firamare da za a gyara, a sa masa sola da fanka da kwamfuta goma da intanet, a buɗe shi daga la'asar zuwa ƙarfe goma na dare. Tunda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ga aikin da za su nuna. Masu tsoron sata su tuna cewa mai unguwa da kwamitin iyaye sun fi kowane kwaɗo tsaro, in dai an nuna musu abin nasu ne.

Na uku, a keɓe wa mata da 'yan mata ranaku ko sa'o'i, da ma'aikaciya mace, domin iyaye su saki jiki. Na huɗu, a cika kantoci da abin da mutane za su iya karantawa: Hausar boko da ajami, da Fulatanci da Tangale da Tera da sauran harsunan jihar, tare da Ingilishi da Larabci, a kuma saya daga marubutan da ke raye domin su ma su ci gumin alƙalaminsu. Na biyar, attajiranmu su tuna cewa waƙafin littafi tsohuwar al'ada ce a ƙasar nan, kuma wanda ya ɗauki nauyin intanet na ɗaki guda na shekara biyar ya yi abin da zai daɗe ana cin moriyarsa. Na ƙarshe kuwa namu ne. Ku ɗaliban sashen Hausa, kowannenku daga wata unguwa ya fito. Ku tara yara goma ranar Asabar ku karanta musu labari, ku ba su aro, ku rubuta sunayensu. Wannan rajista ita ce hujjar da za mu ajiye a gaban masu cewa ba a karatu.

Ɗan maƙwabcina har yanzu yana zuwa shagon caji, ƙannensa biyu sun fara bin sa da littattafansu. Mai shagon, wanda bai wuce firamare ba, ya ƙara musu benci, kuma ya daina kashe ƙwan sai sun tashi. Duk lokacin da na wuce na gan su nakan sunkuyar da kai, domin mai cajin waya ya yi abin da masu digiri da masu kasafi muka kasa. Kafin wani daga cikinmu ya sake buɗe baki ya zargi yaro da ƙiwuya, ya fara amsa tambayar da yaron ya yi mini a daren nan: to ina za shi?